Gudajin Mai Inji

Shekara uku na yi ina niƙa dutse kafin in fara niƙa dawa, kuma daga nan duk wautar da zan ba da labarinta ta samo asali. Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori ina cikin waɗanda aka ɗauka aiki a wurin injin fasa dutse, can wajen Maradun. Tifa ta juye masa duwatsu, wani ya kai ɗan maraƙi girma, ya tauna su ya tofar da tsakuwa, tsakuwar ta bi bel ta hau kan manyan rariyoyin ƙarfe masu girgiza, manya su bi nan, ƙanana su bi can, garin ya zube ƙasa. Aikina shi ne in tsaya kusa da bakinsa da tiyo ina fesa wa dutsen ruwa. Da yamma in dawo Talatar Mafara fari fat kamar an tono ni, amma ina tafe ina buɗa kafaɗa, don a ganina duk garin babu wanda ya san inji kamar ni.

Shekarun dam suna da ɗacinsu. Duk mutumin Maradun da Bakura ya san shi, kuma ba shi na zauna rubutawa yau ba. Abin da zan faɗa ƙarami ne, a cikin gidanmu ya faru.

Da aikin dutse ya ja baya aka fara sallamar mutane, abokan aikina wani ya sayi babur, wani ya sayi rediyo mai kaset, wani ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Ni injin niƙa na saya. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce sana'a nake so, wanda gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Sauran rabin Inna ce, mahaifiyata. Tun da na yi wayo kullum tana durƙushe gaban dutsen niƙa. Matata ta yi surfe, ta yi tankaɗe, ta yi tuƙin tuwo, amma niƙa Inna ba ta sakar wa kowa. A shekarun nan bayanta ya fara lanƙwasa, in ta gama sai ta dafa bango ta daɗe a tsaye kafin ta iya ɗaga ƙafa. Ina ganin haka zuciyata na ƙuna. Na rantse a raina sai na tashe ta daga gaban dutsen nan.

Sai dai akwai wani abu tsakanina da ita da ya kamata in bayyana. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta yabona ko da a bayan idona. In tana da saƙo, sai ta ba wani ya ba ni, ko da kuwa ina zaune taku uku daga inda take. A da ƙanwata ce 'yar aiken, da ta yi aure matata ta gaje ta. Ranar da aka sauke injin daga mota, na ji Inna ta ce wa matata a kai wa "mai inji" ruwa. Na yi murna ƙwarai. Ina da shekara talatin da wani abu, sai ga ni da suna a bakin uwata.

Na kafa shi a wata rumfar kwano a bakin hanyar kasuwa. Injin gas ne, a ba shi hannu ya tashi, bel ya ja maniƙar. Maniƙar kuwa ba wani abin mamaki ba ce: mazubi a sama, faranti biyu na ƙarfe masu haƙora a ciki, waɗanda mu ma dutse muke ce musu, sai wani ɗan hannu da ake murɗawa a matse su ko a sassauta. Na dube shi na yi dariya. Ni da na yi kiwon injin da ke cin duwatsu, wannan ai ɗan akuya ne.

Ranar farko tsofaffi da 'yan mata suka cika rumfar, rabi niƙa ya kawo su, rabi kallo. A nan na yi shelar da ta bi ni shekara da shekaru. A wurinmu in an surfa dawa ko gero, a wanke, sai a baza a rana ya sha iska kafin a niƙa. Na ce musu wannan wahala ta ƙare. Kowa ta wanke ta kawo da danshinsa. Na ce a dam ruwa muke fesa wa dutse kafin inji ya ci shi, ni da hannuna nake fesawa, kuma Turawa ne suka ce a yi haka. Wata tsohuwa daga Jangebe ta ce, "To, tunda Turawa sunka ce." Duk aka gyaɗa kai.

Ƙwarya ta farko ta wuce lafiya, don mai ita ba ta ji shelar ba, busasshiya ta kawo. Daga ta biyu labari ya sauya. Maimakon gari ya zubo, sai ya riƙa faɗowa dunƙule-dunƙule, yana liƙewa a bakin maniƙar. Muryar injin ta yi nauyi, hayaƙinsa ya yi baƙi, bel ya fara santsi yana kuka. Ni kuwa magani ɗaya na sani: in abu ya ƙi, a ƙara masa ƙarfi. Na murɗa hannun na matse dutse, na cika mazubi maƙil don a gama da wuri. Garin ya fito da zafi har yana tururi. Na danna shi cikin ƙorai, na rufe da faifai, na ce su tafi. Kafin su isa gida ya yi gumi ya cure. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, amma ban gane ba.

Kashegari tsohuwar Jangebe ta dawo da ƙwaryarta. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta buɗe faifai ta ɗauko wani curi ta ɗora mini a tafin hannu.

"Mai inji, gari munka ce a niƙa muna, ba mu ce a yi muna hura ba."

Rumfar ta ɗauki dariya. Na ce dawarta ce ba ta da kyau. Wata ta ce tata ma haka, tuwonta duk gudaji, maigidanta ya tambaya ko tsakuwar dam aka raba wa mutane. Kafin kasuwar Talata ta zagayo sunana ya koma Mai Gudaji. Yara ba su ce mini a fuska, amma in na wuce ina ji.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Inna ba ta aiko da ko tsaba ɗaya ba. Na sa matata ta roƙe ta. Ta dawo ta ce Inna ta ce ba komai, hannunta bai gaji ba tukuna. Na tsaya a tsakar gida ina gaya wa matata da ƙarfi, yadda Inna za ta ji, cewa injin nan ƙarfin dawakai da yawa gare shi. Inna tana zaune tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ɗiyata, ki ce ma mai inji, doki cin dawa yas sani. Ban taɓa jin wanda yan niƙa ta ba."

Matata ta juyo ta maimaita mini, kalma da kalma, kamar ban ji ba. Wannan ɗabi'a tata har yau ban yafe mata ba.

Mata kuwa ba abin da ke ɓoye musu. Duk wadda ta zo rumfa sai ta leƙa layin ƙorai ta ce, "Ina ƙwaryar Innarka? Ko tana tahe?" In ce tana tafe. Sannu a hankali layin ya riƙa gajarta. Wasu suka koma wa dutsensu, wasu suka riƙa wuce ni da kaya a ka zuwa wani inji a can ƙarshen gari. Ba na ganin laifinsu. Wanda uwarsa ba ta yarda da garinsa ba, don me uwar wani za ta yarda?

Na yanke shawarar injin ne ke da aljanu. Na kwance farantan na ɗaure a keke na nufi Bakura, inda akwai wani dattijon makanike da ke gyaran injinan ban ruwa. Hanya ta bi gefen sababbin magudanan ruwa na siminti, alkama koriya shar a tsakiyar rani, abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Na same shi a gindin wata bishiyar bedi. Muka gaisa har na fara mantuwa da abin da ya kawo ni. Ya juya farantan, ya kankare busasshen ƙullun da ya toshe haƙoran da tsinke, ya ce sun dakushe, guga suke yi ba yanka ba, kuma ni na dakusar da su da matsi. Ya wasa su. Yana wasawa yana tambayata.

"Wa ka niƙa gidanku?"

"Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ban zo duniya ba."

"Garinta na gudaji?"

Na ce a'a.

"To mi yak kawo ka Bakura? Ni ƙarhe nis sani. Hatsi kau, ka baro mai shi gida."

Na yi dariyar yaƙe na hau kekena. Shi bai san ba a tambayar Inna ba. Alkunyar nan ba ita kaɗai ta ɗaure ba, har da ni. In kuma zan faɗi gaskiya, ko da babu alkunya, girman kai ba zai bar ni in durƙusa in ce a koya mini niƙa ba.

Wasa farantan ya taimaka kwana biyu, sannan gudaji ya dawo. Wata Alhamis na wuni a rumfa ƙwarya uku kacal na niƙa, ɗaya ma ta wata makauniya ce da ba ta san inda ɗayan injin yake ba. Da na koma gida bayan la'asar na ce wa matata zan sayar da shi in tafi Gusau neman aikin mota. A wannan karon ba don a ji na faɗa ba, daga zuciyata ya fito. Amma zana ce kawai tsakanin inda muke da inda Inna ke alwala.

Da safiyar Juma'a ina zaune a ƙofar ɗakina ina ɗinke bel da ya fara tsagewa, sai na ji Inna ta kira matata. Ta sa aka jawo dutsen niƙa daga inda yake a inuwar rumbu, aka kawo shi tsakiyar gida, daidai gabana.

"Ɗiyata, zamna nan. Yau ina son in gwada miki niƙa, don na ga ba ki iya ba."

Matata ta iya niƙa tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Ta zauna ta naɗe hannu kamar sabuwar ɗaliba, tana danne dariya.

Inna ta ɗauki ƙwayar dawa ɗaya ta sa a haƙori. Ta ce ƙas. "Kin jiya? Wagga ta sha iska. Wadda duk kit tauna tal lotsa ba ta yi ƙara ba, maida ta rana. Hatsi da ruwa cikinai ba ya zama gari, ƙullu shika zama, ko wa an niƙa shi." Ta ɗebo ɗan kaɗan a tafin hannu ta zuba a kan dutse. "Kaɗan-kaɗan. Dutse baki garai, in kin cika mai baki ba ya iya tauna." Ta tura ɗan dutsen a hankali, ba ta danna ba, dawar ta farfashe. "Wanga shi na ɓarza. A ɓarza tukuna, a koma a lallasa. Mai son gari tashi guda, wahala ɗai shika sha."

Na ci gaba da ɗinki, amma allurar wuri ɗaya take shiga tana fita.

Ta tattaro ɓarzajjen ta sake bi, sai ga gari yana zuba a ƙwarya. Ta ce kada a danne dutse, in an danne shi zafi yake ɗauka, in ya yi zafi gari ya yi gumi, in ya yi gumi ya kama ɗan'uwansa. Ta ce ko busasshe ne, in aka nace masa ya wuce laushinsa, liƙewa yake yi a jikin dutse, ka yi ta tura hannu a banza. Ta nuna makoɗi, ɗan dutsen da take sassara fuskar babban da shi in ya yi sulɓi, ta ce ba a jira sai ya ƙi ci. Daga ƙarshe ta baza garin a faifai ta ajiye a inuwa.

"Kuma gari mai ɗumi ba a ruhe shi. Ko mutum in ya yi aiki ana barinai shi sha iska." Ta kakkaɓe hannu. "Kin gane, ko in sake?"

Matata ta ce, "Na gane, Inna." Sai ta juyo wajena. "Malam, ko a sake?"

Na ce ni ɗinki nake yi.

A zaune a wurin nan wani abu ya faɗo mini. A dam, duk damina, garin dutse yakan jiƙe ya toshe rariyoyin ƙarfe, aiki ya tsaya cak, a sa mu hau da sanduna muna bugu. Da idona na gani, da hannuna na buga. Ruwan da na shekara uku ina fesawa don ƙura ake fesa shi, kada ta shaƙe mu, ba don ya taimaki niƙa ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili, ni kuma ban tambaya ba, na ƙirƙiro nawa na ɗauko shi har Mafara na raba wa mata. Kunya ta rufe ni.

Janye shela ya fi yin ta wuya. Ranar Asabar na shimfiɗa tabarmi biyu a gefen rumfa. Duk wadda ta zo, in ɗauki ƙwaya in tauna. In ta ce ƙas, ta shiga layi. In ta lotsa, in nuna mata tabarma. Tsohuwar Jangebe ta tsaya tana kallona ina taune-taune.

"Turawan sun sake magana?"

Na ce sun sake.

"Allah shi ƙara musu basira. Halan sun gamu da Innarka."

Na sassauta dutse na ɓarza, na ɗan matse na sake bi. Na riƙa sakin hatsi da yatsu maimakon in juye ƙwarya. Da farko gani nake ɓata lokaci ne a bi abu sau biyu, sai na lura bi biyun ya fi saurin bi ɗayan da nake yi, don babu tsayawa a kwance a kankare. Muryar injin ta washe, hayaƙi ya ragu, gas ɗin da ke ƙarewa kafin azahar ya riƙa kai ni la'asar. Na koyi sa hannu a jikin maniƙar, in ta yi zafi in bar ta ta huta. Na koyi cewa gyaɗa da waken ƙosai ba sa shiga gaban busasshen hatsi, cewa sabuwar dawar kaka ta fi tsohuwa ruwa ko da ta yi kama da busasshiya, cewa alkamar da aka fara nomawa a bakin magudanai tana da nata hali. Layi ya dawo. Ranar Talata har daga Damri ake sauke buhuna. Sunan Mai Gudaji dai bai tafi ba, akwai waɗanda har yau da shi suka san ni.

Amma ƙwaryar Inna ba ta zo ba. Mako ɗaya, biyu, wata guda. Kullum in ɗebi gari mafi kyau in kawo gida in ajiye inda za ta gani. Na taɓa hango ta ta tsoma yatsu a ciki ta murza, ta dunƙula a hannu ta buɗe, ya watse. Ta koma ga dutsenta. Na fara tunanin ko ba gudajin ne matsalar ba, ko dai ba za ta taɓa tashi daga wurin nan ba sai ranar da aka ɗauke ta. Wannan tunani ya fi duk dariyar mata ciwo.

Wata Laraba da hantsi wata maƙwabciyarmu ta ajiye ƙwarya a ƙarshen layi, ta ce daga gidanmu. Tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a baki. Na ɗauki ƙwaya don in tauna, sai maƙwabciyar ta ce an ce a gaya wa mai inji ba sai ya wahalar da haƙoransa ba. Na tsayar da injin, na kwance farantan na goge su tas, mata na ta ƙorafin ana ɓata musu lokaci. Na ɓarza, na sake bi. Na baza garin a faifai ya huce sarai, sannan na ɗauka da kaina na kai gida.

Da magariba aka yi tuwo da miyar kuka. Na ci a zaure, kunnena na cikin gida. Ba a aiko da saƙo ba. Na tambayi matata, ta ce Inna ta ci, ta wanke hannu, ta yi hamdala, shi ke nan.

Da asuba na dawo daga masallaci, ina sa ƙafa a tsakar gida sai na tsaya cak. Wani abu ba daidai ba, na rasa ko mene ne. Kaji na nan, akuya na nan, hayaƙi na tashi a madafa. Sai na gane shiru ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin gidanmu a wannan lokaci babu gurzar dutse ba, har na daina sanin ina jin ta. Na ɗauka Inna ba lafiya. Na yi abin da ban saba ba, na tafi ƙofar ɗakinta da sauri na yi sallama.

Tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, ta miƙe ƙafafunta biyu zaƙo-zaƙo. Gwiwoyinta baƙaƙe ne, sun yi kanta mai kauri. Ta ja zane ta rufe su, ta kau da kai, ta ɗaga murya wajen madafa.

"Ɗiyata, ki ce ma mai inji ya cika laushi kaɗan. Tuwon dawa na son ɗan tsaki-tsaki. Gobe shi sassauta."

Matata ta leƙo da muciya a hannu za ta maimaita mini, ta ga fuskata, ta fasa. A duk maganar kalma ɗaya na ji, gobe. Na fita zaure na zauna a kan buzu, ni ƙato mai gemu, na yi kuka har ya ishe ni, sannan na share ido na tafi na ba inji hannu.